Daga Injin Fetur Zuwa Famfon Rana: Jagora Ga Masu Noman Albasa

Duk wanda ya taɓa kwana a lambu a gefen Mayo Tsanaga, kogin nan na arewacin Kamaru, ya san ƙarar nan ta asuba, lokacin da injinan ban ruwa ke tashi ɗaya bayan ɗaya tun daga Miskin har Gazawa. Da wannan ƙarar muka girma, da ita aka aurar da 'ya'ya, da ita aka je Makka. Amma yau mai lambu yana jin ta ne gabansa na faɗuwa, don ya san kowace awa lita guda ce ta ƙone.

Shekara da shekaru zuwa-zuwa ne ya rufa mana asiri, man Najeriya da ake shigowa da shi a jarkoki. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, kafin mako ya zagayo mun ji a jikinmu a Marwa da Garwa da Mora. Gidan mai ma bai zama mafaka ba: litar fetur da take sefa 630 ta koma 730 a Fabrairun 2023, ta kai 840 a Fabrairun 2024. Tun da matatar Sonara ta Limbe ta yi gobara a Mayun 2019, tataccen mai daga waje ake sayo shi. Ɗanyen man da Kamaru ke haƙowa kuwa ya kai ƙololuwarsa ne a tsakiyar shekarun 1980, yanzu bai kai rabin na wancan lokacin ba. Rijiyar mai ba ta tsatsafo da sabo kamar rijiyar ruwa. Abin da aka kwashe ya tafi ke nan.

Sai kuma ruwan kansa. Tafkin Chadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya ƙanƙance da kusan kashi 90 cikin 100 a lokacin farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980. Ya ɗan farfaɗo daga baya, amma bai koma yadda kakanninmu suka san shi ba. Damina ta zama ba ta da alƙawari: ta makara, ta yi tsayi a tsakiya shuka ta ƙone, sannan ta juye ruwan wata guda a kwana biyu. Mun ga ambaliyar 2012, mun ga ta 2022, mun ga yadda ruwa ya ci unguwannin Yagwa a 2024. Ruwa ya kore mu a Satumba, mu neme shi ido rufe a Afrilu. Hayaƙin mai da gawayin ƙasa da duniya ke ƙonawa ne ke riƙe zafi a sama, kuma duk Afirka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi, amma mu ne a bakin wutar.

Shi ya sa kowa ke maganar sola. An ma kafa manyan tashoshin hasken rana a Marwa da Gidar a 2023, kuma farashin faifan sola, wanda muke cewa fanno, ya faɗi ƙwarai a duniya. Ni ma ina goyon baya da zuciya ɗaya. Sai dai ina roƙonku abu guda, 'yan'uwa: fanno shi ne abu na ƙarshe da za ku saya. Ƙungiyarmu ta fara da shi, kuma ta sha wuya. Mun haɗa kuɗin albasar shekara guda, wani mai shago ya ba mu famfo mai ƙarfi ya ce zai shayar da eka nawa da nawa. Gaskiya ya faɗa game da famfon, amma ba wanda ya tambayi rijiyar. A watan Maris, kafin hantsi ya gama ɗagawa rijiya ta ƙafe, famfo ya ja yashi ya ƙone, albasa na tsakiyar ƙosawa. Har yau in na tuna fuskar dattijon da ya sayar da tumakinsa biyu ya zuba a ciki, sai raina ya ɓaci. Don kada hakan ta sami wani nake wannan rubutu.

Mataki na farko: littafi da biro

Kafin komai, ku yi kaka guda kuna rubuta abin da inji ke ci. Kowace rana: lita nawa, awa nawa, a nawa aka sayo. A haɗa da baƙin mai, filogi, kuɗin makanike, da kuɗin ɗan acaba da ya kawo jarka. Yawancinmu ba mu san wannan adadi ba, don kuɗin yana fita ne kaɗan-kaɗan. Ga misali: mai kar ɗaya, wato rubu'in hekta, in yana ƙona lita 3 a rana har kwana 100, ya ƙona lita 300. A kan 840, sefa 252,000 ke nan, ba a sa gyara ba. Naka adadin zai bambanta, amma shi ne ma'auninka. Da shi za ka san ko sola za ta mayar da kuɗinta a kaka biyu ko huɗu, da shi kuma za ka san abin da za ka iya zubawa a asusu ba tare da gida ya ji yunwa ba.

Mataki na biyu: mutane da fili

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma taron da ya yi yawa ma ba ya ɗaukarta. Mutum 5 zuwa 10 waɗanda lambunansu ke maƙwabtaka sun isa. Ku nemi waɗanda kuka taɓa yin adashi da su aka rabu lafiya. In akwai mata masu noman yakuwa, kuɓewa da alayyafo a gefen fili, a sa su, kuma in kun ji shawarata a ba ɗaya daga cikinsu riƙon asusu.

Hanya biyu ce. Ko dai a sami rijiyar burtsatse guda mai ruwa sosai, foraj kamar yadda ake cewa a nan, a kafa babban famfo kowa ya sha daga gare ta. Ko kuma a yi adashin famfo, a saya wa rijiyar mutum ɗaya bana, kuɗin man da ya huta biya ya shiga asusu, baɗi a saya wa na biyu. Inda rijiyoyi ƙanana ne na bakin mayo, wato kogi, hanya ta biyu ta fi. Awon da za mu yi a gaba shi zai zaɓar muku.

Ku yi rajista. A Kamaru ana iya yin ƙungiyar haɗin gwiwa da ake kira GIC ko kuma ƙaramar ƙungiyar gama-kai da ake kira SCOOPS, wadda dokar 2010 ta OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci na wasu ƙasashen Afirka, ta yarda mutum 5 su kafa, kuma wannan dokar tana aiki har a Chadi. Ofishin aikin gona na yankinku ne zai nuna muku takardun. Da rajista ne za ku buɗe asusu da sunan ƙungiya, kuma in wani shirin tallafi ya zo, masu takarda ake fara kira.

Maganar fili kuwa kada a yi mata kunya. Da yawanmu haya muke yi kaka-kaka. In ka haƙa foraj ka gina tafki a gonar haya ba da rubutu ba, baɗi mai gona zai iya ninka kuɗin ko ya ce ɗansa zai noma. Ku je gaban jauro ko lawan, da shaidu, a rubuta shekara nawa, nawa za a biya, da wanda zai mallaki abin da aka gina in wa'adi ya cika. In mai gona ya ƙi rubutu, ku sayi kayan da ake iya kwancewa a ɗauka, kada ku zuba siminti.

Mataki na uku: ku tambayi rijiya

A nan ne aikin yake, kuma ba ya cin ko sisi sai haƙuri. Lokacinsa bazara ne, Afrilu zuwa Mayu, sa'ad da ruwan ƙasa ya yi ƙasa iyakar yinsa. Awon da aka yi a Nuwamba yaudara ce, don a lokacin kowace rijiya cike take.

Ka sami igiya doguwa ka ɗaura ƙulli a kowace mita, ka rataya ƙaramin gwangwani a kife a bakinta yadda zai yi ƙara in ya taɓa ruwa. Da sassafe, kafin kowa ya ta da inji, ka zura ka rubuta mita nawa daga bakin rijiya zuwa ruwa. Wannan shi ne zurfin hutu.

Sai ka ta da injin fetur ɗinka, ka sa bakin tiyo a duro mai lita 200, ka duba agogon waya. In duro ya cika a minti 2, kana jan lita 100 a minti, wato lita 6,000 a awa. Lita 1,000 ita ce kubik ɗaya, don haka kubik 6 ke nan a awa. In minti 4 ya ɗauka, kubik 3 ne. Bar injin ya ci gaba da aiki, kana zura igiya duk bayan rabin awa kana rubutawa. Abu biyu ne zai faru. Ko ruwan ya yi ta sauka har ya tsaya a wani zurfi ya ƙi wucewa, ko ya yi ta sauka har tiyo ya fara shan iska. In ya tsaya, rijiya na iya ba da wannan adadin, kuma zurfin da ya tsaya shi ne zurfin aiki; riƙe shi da kyau. In bai tsaya ba, kashe inji, jira rijiya ta dawo, rage gudun inji, ka sake gwadawa. Haka za ka yi ta ragewa har ka sami gudun da ruwa ke tsayawa aƙalla awa 4 a jere.

Bayan ka kashe inji, ka duba tsawon lokacin da ruwan ke ɗauka ya koma zurfin hutu. Rijiyar da ta dawo cikin awa ɗaya ko biyu tana da jijiya mai kyau. Wadda sai ta kwana, a bi ta a hankali. Ka kuma bar ruwan duron ya kwanta, ka duba gindinsa. In ka ga yashi ya taru, sai an gyara ƙasan rijiyar da tsakuwa da matata tukuna, don yashi ne ajalin famfo.

Wani abin da mutane ke mantawa: ka roƙi maƙwabcinka ya auna tasa rijiyar a lokacin da kake ja. In tasa ta sauka, daga tukunya ɗaya kuke sha, kuma dole lissafinku ya zama ɗaya.

Daga abin da rijiya ta nuna, ɗauki kashi biyu cikin uku kawai. In ta jure kubik 6 a awa, nemi famfon kubik 4. Ragowar na shekarar fari ne, kuma tana zuwa. Famfon rana yana aiki da ƙarfi kamar awa 6 ne a yini, daga wajen ƙarfe 9 zuwa 3. Kubik 4 sau 6, kubik 24 ke nan a rana. Wannan shi ne arzikin rijiyarka, kuma duk fannon da ke kasuwar Marwa ba zai ƙara mata ko kofi ɗaya ba.

Mataki na huɗu: nawa gonar ke sha, nawa ke zubewa

Milimita ɗaya ta ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Albasa a zafin Maris tana buƙatar kamar milimita 6 a rana. Kar ɗaya murabba'in mita 2,500 ne, don haka lita 15,000, kubik 15. Amma wannan shi ne abin da ya isa saiwa. In ruwan yana bin kwatar ƙasa mai tsawo kafin ya isa fangali, musamman a jigawa, kashi ɗaya cikin uku ko fiye yana nutsewa a hanya, sai ka ga kana jan kubik 22 ko 25 don shayar da abin da 15 ya isa.

Toshe wannan ɓarnar ya fi sayen ƙarin fanno araha. A binne bututun roba mai tauri kamar rabin mita a ƙasa, daga wuri mafi tudu a gonar zuwa sassanta, a fito da baki a kowane rukunin fangali, a rufe da marfi. Masu aikin gona suna kiran wannan tsari kaliforniya. A daidaita fangali da kyau kada ruwa ya taru a gefe guda. A zuba takin gida da yawa, don ƙasar da ta ci taki tana riƙe laima. A shimfiɗa ƙaiƙayi ko yankakken karan dawa a tsakanin layuka. A gefen da iskar hunturu ke bugowa, gabas da arewa, a yi shingen zana ko a shuka zogale. Saiwar albasa gajera ce, ba ta wuce kamu ɗaya da rabi ba, ruwa kaɗan akai-akai ya fi mata ambaliya sau ɗaya a mako. In ganye ya fara kwanciya a daina ban ruwa mako 2 kafin cira. Albasar da aka cire da ruwa a jikinta ba ta ajiyuwa.

In lissafi ya nuna rijiya ba za ta ɗauki duk filin ba, a rage fili. Na san maganar tana da ɗaci. Amma kar ɗaya da ya ƙoshi ya fi kar biyu da suka yi wata suna kishi.

Mataki na biyar: girman famfo da fanno

Yanzu ka haɗa tsawon da ruwa zai hau. Zurfin aiki, a ce mita 10. Daga bakin rijiya zuwa bakin tafkin ajiya, a ce mita 3. Ƙara kamar mita 2 saboda gogayyar ruwa a cikin tiyo. Jimla mita 15.

Ga lissafin da zai hana a cuce ka a shago: kubik na rana sau mita, sannan sau 2. Kubik 24 sau 15, 360. Sau 2, wat 720. Wato fanno biyu masu wat 400 sun wadatar. Wannan lissafin kusa-kusa ne, na riga na sa ragin da zafi da ƙura ke jawowa a ciki. In mai shago ya ce wat 300 ya isa, ko ya ce sai 2,000, ka tambaye shi dalili. Kowane famfon kirki yana zuwa da takarda mai zane da ke nuna kubik nawa yake bayarwa a mita nawa. Lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a kwali ita ce ta lokacin da ruwa ba ya hawa ko'ina. Kai ka nemi abin da zai bayar a mita 15 ɗinka.

In ruwa bai wuce mita 6 ko 7 daga inda famfo zai zauna ba, famfon sama zai iya zuƙowa. In ya wuce haka, sai famfon nutso da ake zurawa cikin rijiya. Kada a yarda da famfon da ba shi da na'urar da ke kashe shi in ruwa ya ƙare. Rashinta ne ya ƙona namu.

Batir fa? Ku bar shi. Yana da tsada, zafinmu na sama da digiri 40 yana kashe shi da wuri, kuma shi ɓarawo ya fi so. Ajiye ruwa ya fi ajiye wuta. A gina tafki a wuri mafi tudu: mita 4 da mita 4, zurfin mita ɗaya, yana ɗaukar kubik 16. Da bulo da siminti in fili naku ne, da rami da shimfiɗar leda mai kauri in haya ne. Amfaninsa babba ne, don famfo ya fi ƙarfi da tsakar rana, daidai lokacin da ban ruwa ya fi asara. Sai a tara da rana, a saki da la'asar da kuma asuba. A kewaye tafkin da shinge saboda yara, wannan ba abin jinkirtawa ba ne.

Mataki na shida: kasuwa

Araha ba ta ado. Ana sayar da fanno da aka liƙa masa takardar wat 300 alhali bai kai 200 ba. Ku tafi da mai gyaran wuta da kuka yarda da shi, da mitarsa ta gwaji, a fitar da fannon rana da tsakar yini a auna, a gwama da lambobin da ke bayansa. A duba gilashi ko ya tsage, a duba bayan ko akwai tabon ƙuna. Duk fannon su zama iri ɗaya, girma ɗaya. In aka haɗa babba da ƙarami a layi guda, ƙaramin ne zai ja ragamar.

Akwatin sarrafa wuta, kwanturola, yana da iyakar ƙarfin wutar da yake ɗauka, an rubuta a jikinsa. In an jera fanno a layi, ƙarfinsu haɗuwa yake yi, kuma in ya wuce iyakar, akwatin zai ƙone ranar farko. A lissafa wannan a shago kafin a biya. A karɓi rasit mai lambar kowane kaya da wa'adin garanti a rubuce. Kuma a tambaya: in abu ya lalace, a ina ake samun kayan gyaransa, Marwa ko Garwa, ko sai an aika Duwala? Famfon da ake gyarawa a garinku ya fi wanda ya fi shi suna amma ba mai taɓa shi.

Mataki na bakwai: kafawa

Fanno ya fuskanci kudu. In ka fuskanci mafitar rana, kudu na hannun damanka. A karkata shi kaɗan, digiri 10 zuwa 15, wato in tsawonsa mita 2 ne, gefen arewa ya ɗara na kudu da kamar kamu biyu. A shimfiɗe ƙura za ta zauna masa. A ɗaga shi a kan ƙarfe, iska na ratsa ƙarƙashinsa, don zafi na rage masa ƙarfi, kuma a ɗaga shi sama da inda ruwan 2022 ko 2024 ya kai a wurin. Inuwa ko ta reshe ɗaya ce tana iya karya ƙarfin layin gaba ɗaya; ka tsaya a wurin da safe, da rana, da la'asar, ka ga inda inuwar darbejiya ke faɗawa kafin a haƙa rami. Kada a sare bishiya don fanno, a matsar da fannon.

Famfon nutso a rataye shi da igiya mai ƙarfi, ba da wayarsa ba, ya zauna aƙalla mita ɗaya sama da ƙasan rijiya. Inda aka haɗa waya a cikin ruwa a rufe da abin haɗi na musamman da ruwa ba ya shiga; salatif ba ya yi. Akwati ya zauna a inuwa. A kafa sandar ƙarfe a ƙasa a haɗa da firam saboda tsawa. Wutar fanno da yawa a jere tana kisa, kada wanda bai iya ba ya taɓa waya da rana. A walde kan notuna, a rubuta sunan ƙungiya da fenti a bayan kowane fanno, a yi rumfar mai gadi kusa.

Tsohon injin fetur kada a sayar. A juye mansa, a ajiye shi. Ranar da hazo ya rufe rana kwana uku a Janairu, ko famfo ya tafi gyara, shi zai ceci albasa.

Mataki na takwas: dokar kashe famfo

Wannan ya fi duk sauran wuya, don na hali ne. Tsadar fetur ita ce ta riƙa hana mu wuce gona da iri. Kowa na kashe inji da wuri don aljihunsa. Da sola wannan birkin ya tafi. Sai ka ga famfo na zuba tun safe har yamma, tafki ya cika yana malala, ba mai damuwa tunda ba a biya. In lambu 50 a bakin mayo ɗaya suka yi haka, ruwan ƙasa zai gudu ya bar rijiyoyin unguwa da mata ke ɗiba, ya bar mashayar shanu. Mun ga abin da rigimar ruwa ta haifar a Logon-Birni a 2021, yadda ta kai har Kusiri, aka rasa rayuka, dubun dubatar mutane suka tsallaka Chadi. Allah Ya kiyaye mu da ganin irinta.

Don haka a rubuta doka tun kafin a kunna. A sa na'urar da ke kashe famfo in tafki ya cika. A rubuta ranar kowa da awanninsa a allo. Kowace Juma'a da safe mutum ɗaya ya zura igiyar nan ya rubuta zurfin hutu a littafi, a kuma amince tun yanzu cewa in ruwa ya sauka ya wuce ƙulli kaza, kowa zai rage, ba a ƙara fili sai an zauna. Littafin nan, bayan shekara 3, zai gaya muku gaskiyar da ba wani baƙo da zai iya gaya muku.

A fitar da tiyo ɗaya zuwa wajen shinge, a yi kwamin shan dabbobi nesa da fangali, a sanar da arɗo. Kada a toshe burtali. Makiyayin da shanunsa suka sha a wurinka shi ne zai kawo maka taki, kuma idonsa na kan fannonka da dare.

Mataki na tara: asusu

Ranar da famfo ya fara aiki, kada kuɗin mai ya koma aljihu duka. Wanda ke shan ruwan ya ci gaba da zuba rabin abin da littafin farko ya nuna yana kashewa. A raba gida biyu: na gyara da sauya famfo, da na sayen kayan mutum na gaba. Fanno mai kyau yana wuce shekara 20, amma famfo da akwati ba sa kaiwa haka, kuma ba sa sallama kafin su tsaya. Hannu biyu ko uku ne za su sa kafin a cire kuɗi, a karanta lissafi a gaban kowa duk wata. Masu gudun bashi mai ruwa, kuma da yawanmu haka muke, wannan hanyar ta ishe su. In za a karɓi kaya bashi a wurin ɗan kasuwa, a yanke farashi ɗaya da ranakun biya a rubuce, a daidaita su da lokacin sayar da albasa. Wanda ya iya gina rumbu mai shan iska ya ajiye wani kaso na albasarsa har farashi ya tashi da damina, zai biya nasa kason ba tare da ya ji ba.

Kula ta yau da kullum, da abin da za a yi da damina

Da hunturu a wanke fanno sau biyu a mako, da asuba ko bayan rana ta yi sanyi, da ruwa zalla da tsumma mai laushi. Ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi yana iya tsaga shi, goge ƙura a bushe kuma yana karce shi. Duk wata a sake gwajin duro. In da yana cika a minti 3 yanzu sai 5, a duba ƙura, a duba matata, a duba zurfin ruwa, kafin a zargi famfo.

In an cire albasa kuma hadari ya fara haɗuwa, lambun da ke bakin mayo a fitar da famfo, a wanke, a kai gida tare da akwati. A rufe bakin rijiya da marfi mai nauyi kada ambaliya ta cika ta da laka.

Damina kuma ita ce lokacin biyan bashin ruwan da aka ja. Duk ɗigon da ya tsaya ya nutse a gonakin tudu, shi ne zai fito a rijiya a Maris. A jera duwatsu a gicciye a kan gangare, a haƙa ramuka masu siffar rabin wata a faƙo, a yi ƙananan madatsun dutse a cikin kwazazzabai irin waɗanda mutanen duwatsun Mandara suka daɗe suna yi, don ruwa ya rage gudu. In ana sassabe a bar 'ya'yan gawo da kalgo da magarya da suka tsiro da kansu, a rage musu rassa a bar biyu ko uku masu ƙarfi. Gawo ma da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa dawa rana. Wannan aikin gayya ne, ya fi ƙarfin ƙungiya ɗaya, don haka a kai maganar gaban lawan tun watan Afrilu a sa rana, a tara duwatsu kafin ruwan farko, don da zarar an yi shuka ba wanda za ka samu.